Tambayoyin da Na Aika Ta Bakin Gwaggo Asabe

Gwarzo,
ranar Talata da hantsi.

Zuwa ga mai sunan Baffa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka da malamanka. Ya baƙunta, ya ruwan garin, ya abincinsu? Allah ya tsare ka a inda idonmu ba ya kaiwa, ya raba ka da mugun ji da mugun gani. Mu nan duk lafiya lau, babanka da ƙannenka suna gaishe ka.

Na san za ka juya takardar nan ka sake dubawa, don ba ka san rubutun ba. Ni ce, Yaya, mahaifiyarka. Da hannuna na rubuta, ban bari kowa ya taya ni ba, shi ya sa layukan suke hawa tudu suna gangarowa. Ka yi haƙuri da su, kwana biyu na yi a kansu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Asabar kakarka Inna ta zo daga Dugabau, ba biki ba suna, ko tabarma ba ta bari na shimfiɗa mata ba.

"Ke Binta, me kika yi wa yaron nan?"

Na ce, "Wane yaro, Inna?"

"Kina da wani a jami'a ne ban sani ba? Ya aiko mini wai ya karɓi takardar canja karatu. Zai bar na kwamfutar nan ya koma na malanta, kafin ƙarshen wata zai miƙa ta. Wai karatun da uwa ba ta yarda da shi ba, ba ya albarka."

Na ce, "Ni na ce ban yarda ba?"

"Ni kike tambaya? Gwaggonsa Asabe ta ce tunda sunansa ya fito kike ta tambaye-tambaye kamar mai bincike a kotu. Ni na raine shi tun yaye, na san irin wahalar da ya sha kafin ya samu wurin nan. In kina da magana ki fitar da ita, kin ishe mu da sunkuyar da kai!"

Saboda haka, kafin komai, kada ka miƙa takardar nan. In ka riga ka cike ta, ka ninke ta ka sa a ƙasan akwati har ka gama karanta tawa. Malanta aiki ne mai daraja, amma na san ba ita ranka yake so ba, kuma ba na so ka bar abin da kake so saboda maganar da ban faɗa ba. Laifin nawa ne, kuma tun ba yau ba ya faro, don haka sai ka yi haƙuri in ɗauko maka shi daga tushe.

Shekarar da aka kawo ni gidan nan, babanka yana da wata 'yar rediyo mai rigar fata, wadda yake ratayawa a kafaɗa in zai tafi gona. Ni kuwa abin da ya hana ni sakat shi ne ta ina maganar take shiga. Ban ce akwai mutane a ciki ba, ƙauyancina bai kai nan ba. Amma na kasa gane yadda mutum zai yi magana a Kaduna, ni ina tankaɗe a Gwarzo in ji har tarinsa. Ran nan babanka ya tafi ta'aziyya Getso ya manta ta a rataye. Na ɗauko wuƙar da nake yanka kuɓewa da ita na kwance ƙusoshin bayanta. Na tarar da wani baƙin sanda an naɗe shi da siririyar jar waya, ga wasu 'yan abubuwa masu launi kamar ƙwayar wake. Na ce bari in ja wayar in ga inda ta ƙare, sai ta tsinke a hannuna. Na mayar da murfi na rataye ta inda take, na koma kan aikina.

Da ya dawo ya kunna, sai shuuu kawai. Ya ce batir ne, ya sayo sabo. Ya ce damina ce ta shige ta, ya shanya ta a rana. Ina kallonsa na ci gaba da dakana. Bayan shekaru, ka zo mana hutu daga Dugabau kana ɗan shekara goma sha biyu, ka kwance rakodar babanka ka baje kayan cikinta a kan tabarma. Ka tuna bulalar da ka sha. Ina madafa ina jin kukanka, na san sarai inda ka gado wannan hali, amma uwa ba ta shiga maganar ɗan fari a gaban dangin miji, sai na ƙara wa murhu ice na yi shiru. Wannan shirun yana damuna har yau.

Jiya dai na gaya wa babanka labarin rediyon. Ya dube ni ya yi dariya har da tari.

"Ai na sani, Binta. Ƙusa ɗaya kin mayar da ita a karkace, ga yauƙin kuɓewa a jikin murfin."

Na ce, "To me ya sa ka daki yaron nan, Malam?"

Ya ce, "Shi ai ko ƙusa ɗaya bai mayar ba."

To ka ji. Shawarata a nan ita ce, ka ci gaba da buɗe abubuwa, tunda yanzu buɗewar ce ma karatunka. Amma kafin ka ja waya ka tambayi wanda ya san inda ta ƙare. In kuma abu ya lalace a hannunka, na makaranta ne ko na wani, ka tashi ka ce ni ne tun kafin a fara zargin damina ko wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba.

Kuskurena na biyu ya fi wannan nauyi. Lokacin ostariti ne, da maza suke bin layin madara da sabulu da shinkafa tun safe har azahar, wani lokacin su dawo hannu wofi. Kana ɗan shekara huɗu a wurin Inna. Wani mutumin Dugabau ya zo a keke ya yi sallama da babanka a zaure, ina jin su ta bayan katanga, ya ce ƙyanda ta kama ka, kwana uku ba ka buɗe ido ba. Ina cikin surfe. Kakarka ta wajen uba da Gwaggo Asabe suka zuba mini ido su ga yadda zan yi. Ban ajiye taɓarya ba. Ban tambayi ya jikinka ba, ban ce a kai ni ba, alhali Dugabau ba wata uwa duniya ba ce, da na roƙi babanka da kafin la'asar ina kusa da kai.

Akwai gwangwanin madara guda da babanka ya samo a layi ya ba ni saboda ina shayar da ƙanwarka. Shi na tura cikin ƙullin geron da za a kai wa Inna, ban ce daga wa ba. Da Allah ya tashi kafaɗunka, shekara da shekaru in ka zo yawon sallah kana ba yara labarin madarar da Baba ya aiko maka. Ni kuwa mata suna ta yabona, wai Binta akwai kunya, akwai kara, ɗanta yana kwance ko gezau ba ta yi ba. Na karɓi yabon, har na ji daɗinsa, Allah ya yafe mini. Amma a waɗancan kwanakin ko tuwo ban iya ci ba, kuma ba wanda ya sani.

Ba ina zagin al'adarmu ba ne. Kunya abu ne mai kyau, a cikinta na tashi, a cikinta zan mutu. Sai dai na kai ta inda ba a aike ta ba. Kai kada ka yi haka. In abokin ɗakinka ya kwanta, ka je da ƙafarka ka zauna kusa da shi, ko da darasi zai wuce ka. In ka yi wa wanda kake ƙauna alheri, ba laifi ba ne ya san daga wurinka ya fito, don wata rana zai buƙaci sanin waɗanda suke tare da shi.

Usman. Ga shi na rubuta sunan, hannuna kuwa bai karye ba. Na daɗe ina kallonsa a takarda, ashe ma gajere ne.

Rubutun nan da kake gani, sai da aka ƙaddamar da shari'a na koye shi, lokacin da aka buɗe mana makarantar matan aure a unguwa, kwana uku karatun addini, kwana biyu boko. Shekara guda cur na yi ina zaune a layin baya ina gyaɗa kai. Malama ta ce kun gane, in ce mun gane da ƙarfi fiye da kowa, alhali ko baƙi ɗaya bai zauna mini ba. Tsorona kada amaren da na girme wa nesa ba kusa ba su yi mini dariya. Sai ran nan wata tsohuwa da a haife ta haife ni ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ni fa ban ji komai ba, a sake." Aka sake mata, ba wanda ya yi dariya, rufin ajin ma bai faɗo ba. Ashe rabin ajin irina ne. Daga ranar na fara tambaya, har Malama ta riƙa cewa, "Hajiya Binta, a bar wa wasu."

Na san a ajinku akwai 'ya'yan birni da suka tashi da kwamfuta a ɗakin ubansu. Kai kuwa sau nawa ka taɓa ta, in ban da zuwan da ka riƙa yi Kano kana zama a shagon nan na intanet? Kada ka gyaɗa kai a kan abin da ba ka gane ba. Ka ɗaga hannu ka ce a sake, da Turancinka na Gwarzo, in sun ga dama su yi dariya. Shekarar da na ɓata ina kare girmana, ba wanda ya dawo mini da ita.

Da na iya karatu kuma sai na yi wata wautar. Maƙwabciyarmu da mijinta yake aiki a Kudu ta fara kawo mini wasiƙunsa ina karanta mata. A wata wasiƙar ya faɗi wata damuwa tasa wadda tsakaninsa da matarsa ce kawai. Ni kuwa daɗin na iya karatu ya kwashe ni, na ɗan taɓa wa Asabe a wurin tsinkar zogale. Kafin Juma'a maganar ta zaga unguwa. Baiwar Allah ba ta yi mini faɗa ba, har gobe muna gaisawa, amma ba ta sake kawo mini takarda ba. Na ji an ce ku masu wannan karatu ku ne za ku zauna a tsakiyar maganganun mutane, saƙon miji da mata, da na ɗan kasuwa, da na marar lafiya, duk ta hannunku za su bi. In gaskiya ne kana iya leƙawa, to kada ka leƙa. In aiki ya sa dole ka gani, ka mutu da shi a cikinka, ko ni na tambaye ka kada ka gaya mini.

Yanzu ga maganar da ta jawo duk wannan. Ranar da sunanka ya fito, kana zaure kana yi wa babanka bayanin karatun. Na ɗauko farantin wake na zauna a bayan ƙofa kamar mai tsinta. Na ji ka ce in mutum ya aika saƙo ta kwamfuta, ba a ɗaukarsa dunƙule, yanka shi ake yi gutsi-gutsi, kowane gutsure a rubuta masa inda ya fito da inda za shi, su bi hanyoyi daban-daban, sai sun isa su haɗu. Na ce a raina, wato kamar yadda muke tafiya biki Kabo, wasu a motar farko, wasu a ta biyu, wasu a kan babur, a haɗu a gidan amarya. Ka kuma ce in gutsure ɗaya bai iso ba, na can ɗin yana cewa bai iso ba, a sake turowa. Wallahi Usman, waken nan ban tsince ko ƙwaya goma ba. Abin da na nema da wuƙar kuɓewa sama da shekara ashirin da suka wuce, ga ɗana yana faɗarsa a zaure kamar yana ba da labarin kasuwa. Na yi murna, na yi alfahari, har da ɗan kishi.

Tambayoyi suka cika mini ciki. Tsakanina da kai taku biyar ne, amma ban iya ɗaga labule in ce zo ka gaya mini ba. Sai na bi hanyar da na saba, na kira Asabe na ba ta tambayoyin ta kai maka kamar nata ne. Ban yi tunanin yadda abin zai zama a kunnenta ba. Matar da shekara ashirin ba ta taɓa jin na ɗauko zancenka ba, yau ga ni da tambaya biyar a rana ɗaya. Me za ta ɗauka in ba hankalina ne ya tashi ba? Ta zubar da tambayoyin a hanya ta kawo maka abin da ta fahimta, wai uwarka ba ta natsu da karatun nan ba. Ta kuma ɗora nata, abin da ta ji a wa'azi na hotunan banza da ake cewa suna cikin intanet. Ba mugunta ta yi ba, a ganinta taimakona ta yi. Da na tare ta shekaranjiya cewa ta yi, "To ni Yaya Binta, ina na san sha'awa ce? Ke da ko sunansa ba kya faɗa!"

Ranar tafiyarka ka zo ka durƙusa a bakin ƙofata ka ce, "Yaya, zan tafi." Na ce, "To, Allah ya kiyaye hanya," ban ɗago kai ba. Ka ɗan jima a durƙushe. Na ɗauka takalminka kake gyarawa. Sai da Inna ta zo na gane abin da kake jira, kuma tun ranar raina yake a ɓace da kaina.

Kai ma kana da ɗan laifi, ba zan ɓoye maka ba. An kawo maka magana mai nauyi haka daga bakin wani, ka ɗauka ka tafi da ita har jami'a, ba ka dawo ka ce Yaya, haka kika ce? Na san ni na koya maka, don ban taɓa buɗe maka ƙofar tambaya ba. Amma nan gaba, duk wanda ya ce maka wane ya ce, in maganar za ta sa ka canja hanya, ka je wurin wanen ka ji daga bakinsa.

To ga tambayoyin nawa, yadda na ba Asabe su. Dogon ƙarfen sabis ɗin nan da aka kafa mana a bakin gari, in mutum ɗari suna magana ta cikinsa a lokaci guda, me yake hana maganar mai kiran Kabo ta faɗa kunnen mutumin Madadi? In aka aiko wa mutum saƙo wayarsa tana kashe, a ina saƙon yake zama ya jira shi, kuma wa yake gadinsa? In ana ruwa da iska, maganar tana ratsawa ta cikin ruwan ne ko sama da hadari take bi? Su gutsattsarin nan, wa yake nuna musu hanya in sun zo mararraba, kuma in an datse wata hanyar, komawa suke yi ko wata suke nema? Ta biyar ɗin ce kaɗai take da tsoro a ciki, ita ma ba na ɓoye ta: kai da kanka za ka riƙa hawa ƙarfen nan? In za ka hau, ka ɗaura igiyar da na ga suna ɗaurawa a ƙugu, kada ka ce kai gwanin hawan kuka ne a Dugabau.

Ka ga akwai inda na ce ban yarda ba? Na yarda, Usman. Na yarda da karatun nan tun ranar da na ji shi ta bayan ƙofa, na sa maka albarka a cikinsa, duniya da lahira. Ka yaga takardar canjin nan. Ka yi karatunka da kyau, ka riƙe sallarka a kan lokaci, abin da ka san ba za ka kalla a gaban Inna ba kada ka kalle shi a kwamfuta. In ka zo hutu, a gidan nan za ka sauka kafin Dugabau, ka zauna a ɗakina ka zana mini hanyoyin nan a takarda har sai na gane, ko sau nawa na ce a sake.

Amma ba zan iya jira har hutu ba, tunda ƙarshen wata ya matso kuma ban san ranar da direba zai kai maka takardar nan ba. Alhaji na gidan da yake kallon namu ya sayo wayar hannu. Sabis ba ya kama ta sai a gindin rumbunsu, nan ma sai an kife turmi an hau. Na roƙi matarsa ta yarda, babanka ya rubuta maka lambar a bayan takardar nan. Ranar Juma'a bayan la'asar zan je in hau turmin nan da girmana, in ba ka kira ba in koma Juma'a ta sama. Ba na so a ba babanka ya gaya mini, ba na so a ba Inna. Ni zan riƙe ta, ka gaya mini da bakinka cewa ba ka miƙa ba.

In ka yi sallama ka ji shiru, kada ka kashe, kada kuma ka ce sabis ne ya ɗauke. Ina nan a kan layin, ban saba ba ne. Ka ci gaba da magana kawai, zan amsa.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya buɗe maka ƙirji, ya haɗa ka da abokai nagari, ya dawo mana da kai lafiya. Ka gaishe da duk wanda yake kyautata maka a can.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Binta.